Yaye maraƙin da ake shayarwa da kwalba: amsa ga mai kiwo daga Daura

Tambaya: Wani mai kiwon gida daga Daura ya rubuto cewa saniyarsa, farar Bunaji, ta mutu kwana 12 bayan haihuwa, ta bar masa maraƙi namiji. Yanzu maraƙin ya cika sati 5. Yana ba shi madara lita 3 a rana da kwalba, kuma sayen madarar yake yi wurin Fulani. Kuɗin ya fara yi masa nauyi, ga shi kaka ta yi, harawa da ciyawa ko'ina. Yana so ya san ko zai iya yanke madarar ya bar shi da ciyawa, in kuma ba yanzu ba, to yaushe, kuma ta yaya.

Amsa: Malam, Allah ya mayar maka da mafi alheri, ya raya wannan da ta bari.

Kada ka yanke masa madara yanzu. Maraƙi ɗan sati 5 da bai saba da komai ba sai madara, in ka bar shi da ciyawa zai ci, cikinsa ya cika fam, amma jikinsa ba zai samu komai ba. Ko dai ya mutu, ko ya tsumbure ya zama irin waɗanda ake gani da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, shekara guda amma kamar ɗan wata huɗu. Ka sa a ranka akwai sauran sati 5 zuwa 7 na sayen madara, sai dai adadin zai riƙa raguwa. Abin da zai nuna maka ranar yaye kuwa shi ne yawan busasshen abincin da yake cinyewa a yini. Shekarunsa, ko in ce makonninsa, taimako ne kawai wajen lissafi.

Dalilin yana cikin cikinsa. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, babba a cikinsu shi ne tumbi. In ka tsaya wurin mahauci ya farke tumbin babban sa, za ka ga bangonsa na ciki cike da 'yan tsiro-tsiro kamar fuskar tawul. Ta waɗannan tsiron ne dabba ke tsotse amfanin abin da ta ci. Ciyawa kuma ba saniyar ce ke narkar da ita da kanta ba, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu zama cikin ruwan tumbi, su ke yi mata aikin. A babbar saniya tumbi ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman cikin. A jaririn maraƙi kuwa ɗan ƙarami ne, bangonsa sumul, babu tsiron, babu halittun. Ɗakin ƙarshe ne babba a lokacin, shi ke narkar da madara. Idan maraƙi ya ɗaga kai yana tsotso, akwai wata tsoka da ke naɗewa kamar indararo, ta ɗauki madara daga maƙogwaro ta tsallake tumbi ta kai ta ɗakin ƙarshe. Wato duk madarar da ya sha sati 5 ɗin nan ba ta gina tumbin ba, ba ta ma shiga cikinsa ba. Aikin da ke gabanka shi ne ka gina wannan tumbin kafin ka janye kwalba.

Abin da ke ba masu kiwo mamaki shi ne, hatsi ya fi ciyawa saurin gina tumbi. Idan ɓarzajjen hatsi ya zauna a tumbi tare da ruwa, halittun nan na ruɓar da shi, su fitar da wasu sinadarai masu tsami, waɗanda su ne ke sa tsiron bangon tumbi ya fito ya yi tsawo. Ciyawa tana buɗa tumbin ta ƙarfafa tsokarsa, amma tsiron da take fitarwa kaɗan ne, kuma a hankali. Daga ranar da maraƙi ya fara cin hatsi sosai, tumbin na bukatar sati 3 zuwa 4 kafin ya iya ɗaukar nauyin jikin. Babu maganin da ke gajarta wannan lokaci.

Na san za ka ce ai maruƙan ruga ba wanda ke auna musu dusa, kuma suna girma. Gaskiya ne, amma su suna tsotson uwa wata bakwai, takwas, wani har sai nonon ya ƙafe, tumbinsu na ginuwa da ciyawa a tsanake a ƙarƙashin inuwar madara. Kai ba ka da wannan dogon lokacin, saboda kowace lita da kuɗi kake saye. Hatsi shi ne abin da zai maye maka gurbin watannin nan.

Abincin da za ka haɗa masa ya kamata sinadarin furotin a cikinsa ya kai kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Dusa zalla ba ta kai nan ba, hatsi zalla ma kusan rabi kawai yake kaiwa. Ga haɗin kilo 10 da za ka iya samun kayansa a Daura ko Mai'adua: masara ɓarzajjiya kilo 5, dusar alkama kilo 2 da giram 200, tunkuzar gyaɗa busasshiya ko ƙuli-ƙulin da ba a sa wa yaji ba kilo 2 da rabi, garin ƙashi giram 200, gishiri giram 50, sai garin bitamin na dabbobi giram 50 daga shagon magungunan dabbobi. Wannan zai ba ka kusan kashi 19. In masara ta yi tsada, gero ko dawa za su tsaya a madadinta, amma a fasa ƙwayar, domin in ka ba shi ita ɗungurungum za ka tsince ta a kashinsa yadda ta shiga. Ka gaya wa mai inji ɓarzawa kake so, kamar tsaki. Gari mai laushi yana shiga hanci, yana dunƙulewa a baki, maraƙi ya ƙi shi, in kuma ya ci da yawa ya tsamar masa da tumbi. In ka samu tunkuzar waken suya ta kamfanin mai, ita ma daidai take da ta gyaɗa, har ta fi ta inganci. Ɗanyen waken suya kam kada ka ba shi sai an soya shi, yana ɗauke da abin da ke hana jiki narkar da furotin.

Ka duba tunkuza da kyau kafin ka saya. Ka fasa dunƙule ɗaya ka shinshina. In ka ga fumfuna, ko kore-kore, ko tana warin ɗaki mai laima, ka bar ta ko da kyauta aka ba ka, domin gubar fumfunar gyaɗa hanta take ci, kuma ƙananan dabbobi ta fi kamawa. Kada kuma ka haɗa fiye da abin da zai ci cikin sati biyu zuwa uku, man da ke cikin tunkuza yana sa haɗin ya yi ɗoyi.

Abu biyu ne masu turka shanu suka saba da su da ba su dace da maraƙinka ba tukuna. Na farko tunkuzar auduga, irin wadda ake kawowa daga yankin Funtuwa da Malumfashi. Abinci ce mai kyau ga babban sa, amma 'ya'yan auduga na da wata guba da sai tumbi mai cikakken aiki ke iya kashe kaifinta. Maraƙin da tumbinsa bai nuna ba tana lalata masa zuciya, wani lokaci sai dai a wayi gari a tarar da shi a mace ba tare da ya yi jinya ba. Ka jira sai ya wuce wata 4, sannan ka shigo da ita kaɗan-kaɗan. Na biyu takin yuriya da wasu ke haɗawa a abincin shanu. Wannan bai shafi maraƙi ba ko kaɗan.

Koya masa ci ba wuya, haƙuri ake so. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da zarar kwalba ta ƙare, yana cikin neman abin tsotso, yana tunkuɗar gwiwarka. Ka debi haɗin a tafin hannu, ka bar shi ya tsotsi yatsunka biyu, sannan ka tura masa kaɗan a kan harshe. Zai tofar, ya yamutsa fuska, ya sake neman yatsan. Ka maimaita sau uku ko huɗu, sannan ka ja hannun a hankali zuwa cikin kwanon da ka zuba masa. Safe da yamma, cikin kwana 3 zuwa 5 yawancinsu sun gane. Ka fara da cikin hannu ɗaya ko biyu a rana, kamar giram 100. Kwanon ya zama mai faɗi marar zurfi, a ɗaure shi daidai ƙirjinsa, domin maraƙi ba ya son cusa kai cikin abin da zai rufe masa ido. Duk safiya ka kwashe ragowar jiya ka ba manyan dabbobi, ka zuba sabo. Abincin da yawu ya jiƙa ya kwana, ba zai sake kallonsa ba.

Awo shi ne rabin aikin. Ka samu gwangwani guda, ka kai wurin mai sikeli ka cika shi da haɗin a auna maka sau ɗaya, ka san nauyinsa. Daga nan kullum ka san abin da ka zuba da abin da ya rage, ka rubuta a bango da gawayi in babu littafi. Amma ka tabbata shi kaɗai ke kaiwa ga kwanon. A gidajenmu akuya da kaji ne ke ɓata wannan lissafi. Mai gida ya ga kwano wayam ya ɗauka maraƙi ya ƙware, ya yanke madara, ashe akuyar uwargida ce ke ƙiba.

Ruwa kuma daban, a bokiti, tsaftatacce, dare da rana. Mutane da yawa na ganin mai shan madara ba ya bukatar ruwa. To madarar ta tsallake tumbi kamar yadda na ce, halittun da kake son su hayayyafa a ciki kuma ba sa rayuwa a busasshen wuri. Maraƙin da ba shi da ruwa ba ya cin busasshen abinci, ko ya ci kaɗan ne. A ƙiyasi, kowane kilo ɗaya na busasshen abinci yana tafiya da ruwa kusan lita 4, a watannin zafi kuma fiye da haka. Kada ka ba shi ruwan a kwalba, a bokiti zai sha kansa a ƙasa don ya faɗa tumbi. Kada kuma ka bar shi da ƙishirwa yini guda sannan ka ajiye masa bokiti cike. Maraƙi mai ƙishi na iya kwankwaɗar ruwa fiye da kima, jininsa ya tsinke, ka ga fitsarinsa ya koma ja.

Yanzu ga madarar. Maraƙin Bunaji ana haifarsa da nauyin kilo 20 zuwa 25, a sati 5 in yana samun kulawa ya haura 30. Mafi ƙarancin abin da ake ba shi a rana shi ne kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, don haka lita 3 ɗin nan da kake ba shi a bakin iyaka take. Kada ka rage ta yanzu da nufin yunwa ta tura shi ga dusa, maraƙi mai rauni ba ya koyon ci da sauri. Ka auna shi: a sa shi cikin buhu mai ƙarfi da aka huda wa ƙafafu huɗu, a rataya a sikelin masu sayen hatsi. In ya kai kilo 35, ka kai madarar lita 3 da rabi. Ka riƙe wannan adadi, rabi da safe rabi da yamma, a kan lokaci guda kullum, har zuwa sati na 8.

Idan ya kai yana cinye giram 500 na haɗin a yini, wanda galibi zai zo tsakanin sati na 8 da na 9, ka rage madarar zuwa lita 2. Bayan kwana 5 zuwa 7 ka cire ta safe gaba ɗaya, ka bar masa lita ɗaya da rabi da yamma. A nan za ka ga cinsa ya yi tsalle, domin zai tashi da yunwa ya tarar kwano kawai ke gabansa. Bayan wani satin ka mayar da ita lita ɗaya. Ranar da ya cinye giram 750 zuwa kilo ɗaya, kwana uku a jere, nauyinsa ya ninka na ranar haihuwa, kana ganinsa kwance yana tuƙa, kashinsa kuma ya yi kauri da duhu irin na manya, to ka ajiye kwalba. In ɗan aure ne da shanun Turai irin Friesian, jikinsa ya fi girma, ka jira sai ya kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ga wanda ya fara cin hatsi a sati na 5 kamar naka, wannan rana takan faɗo tsakanin sati na 10 da na 12. In sati na 12 ya zo bai kai ba, ka ci gaba da litar nan ɗaya. Ƙarin sati biyu na madara ya fi araha a kan maraƙin da ya tsumbure.

Ragewa ake yi da adadi. Kada ka tsinka madarar da ruwa don kwalba ta cika. Madara na dunƙulewa ne a ɗakin ƙarshe kamar cuku kafin ta narke a hankali, in ta yi ruwa-ruwa ba ta dunƙulewa da kyau, sai ta zarce hanji ta zama zawo. Wannan ma dalili ne na ka san wurin wanda kake saye, ka tsaya a kan mutum ɗaya. Nonon kasuwa da aka kaɗe aka cire mansa ba ya maye gurbin madara, ƙarfin yana cikin man. Kunu da koko da farau-farau su ma ba madara ba ne, hanjin ƙaramin maraƙi bai iya narkar da gari da yawa ba, sukarin shayi kuwa ba ya narkar da shi ko kaɗan. Madarar da ka sayo ka tafasa ta, domin tarin fuka da bakkale na bi ta ɗanyar madara, sannan ka bari ta huce zuwa ɗumin jiki, digiri 38 zuwa 39. In ka ɗiga a bayan hannunka ka ji ɗumi ba zafi ba, ta yi.

Ka kuma duba kan robar kwalbar. Ka kifa ta: in madara na ɗiga ɗis-ɗis, daidai ne; in tana zuba kamar famfo, ramin ya yi girma, ka canza. Yara kan faɗaɗa ramin da reza don a gama da wuri. Madarar da ta zo da ƙarfi takan faɗa tumbi ta ruɓe a can, maraƙi ya riƙa kumbura bayan kowane sha, kashinsa ya yi fari-fari kamar yumɓu, ko kuma ta sarƙe shi ta shiga huhu. Kwalbar a riƙe ta daidai tsayin hantsar saniya, shi kuma yana tsaye. Bayan an gama a ɗauraye da ruwa mai ɗumi, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a kife ta bushe.

Batun ciyawa, a nan kaka ta yi maka rana. Harawar wake da ta gyaɗa, masu ganye, waɗanda suka bushe da korensu, sun fi duk wata ciyawa dacewa da shi. Ka saya yanzu da take da araha ka ɗora a kan rumfa inda laima da gara ba za su kai ba. Kafin yaye ka riƙa ba shi kaɗan, cikin hannu biyu a rana, a daddatse kamar tsawon yatsa, a wani mazubi daban. Kaɗan ɗin nan na sa shi tuƙa, tuƙa na kawo yawu, yawu kuma na kashe tsamin hatsi a tumbi. In ka tara masa harawa da yawa tun yanzu zai cika ɗan tumbinsa da ita ya bar haɗin, ka koma baya. Bayan yaye sai ka sake masa ita ya ci iya cinsa. Kowar wake, wato ɓawonsa, ita ma tana da kyau a wannan lokacin. Karan dawa da na gero da busasshiyar ciyawar daji da ta yi fari, waɗannan cika ciki ne kawai a wurinsa, ka bar wa manya. Idan gawo ya fara zubar da 'ya'ya da rani, ka tara ka ɓarza ka riƙa haɗa masa kaɗan, bayan ya wuce wata 4.

Ɗanyar ciyawa kuwa, kashi 75 zuwa 85 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Kafin maraƙi ya samu abin da ke cikin kilo ɗaya na busasshen abinci sai ya ci kilo 4 ko 5 na ɗanya, tumbin ɗan wata uku kuma ba shi da wannan wurin. Shi ya sa zancen a yaye shi a kan ciyawa kaɗai ba ya yiwuwa, ko da damina ce. In za ka yanko masa, kyasuwa da harkiya da gamba mai taushi kafin ta fitar da kai sun yi, ka shanya a inuwa rabin yini ta yi yaushi. Fita kiwo kuma sai bayan sati 2 zuwa 3 da yaye. Ka fara da awa ɗaya, bayan ya ci harawa a gida, bayan raɓa ta bushe, kana ƙara lokaci cikin kwana goma zuwa sati biyu. 'Ya'yan tsutsar ciki suna hawa kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da sassafe, kuma sun fi yawa inda manyan shanu da tumaki suka saba kiwo da bakin tafki, don haka ka nema masa wuri mai tsafta.

Ka kiyaye shi da gyauron dawa, musamman yanzu da aka girbe gonaki. Sabon tsiron dawa da bai wuce gwiwa ba, ko wanda fari ya taɓa, yana ɗauke da guba mai kisa cikin ƙasa da awa ɗaya: dabba ta fara haki, jiki na rawa, ta faɗi. Busasshen kara ba shi da wannan matsalar. Ɗanyen ɓawon rogo ma gubarsa iri ɗaya ce. A cikin gari kuma leda ce babbar abokiyar gaba. Maraƙin da aka janye wa kwalba yana tsotsar duk abin da ya samu, igiya, tsumma, leda, kunnen ɗan'uwansa. Ka share wurinsa, ka rataya masa dutsen lasa.

Abubuwan da ke lalacewa a wannan tsakanin ba su da yawa, amma gara ka san fuskarsu.

Zawo shi ne na farko, kuma rashin ruwa a jiki ne ke kisa. Ka kama fatar wuyansa ka ja ka saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya fiye da daƙiƙa biyu, idanunsa sun faɗa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Ka ba shi ruwan ORS na fakiti, irin na yara, fakiti ɗaya a lita ɗaya, lita ɗaya zuwa biyu tsakanin shan madara na safe da na yamma. Haɗin gishiri da sukari na gida bai dace da shi ba, saboda sukarin zai ƙara zawon. Na fakiti da gulukos aka yi shi. Kada ka tsayar da madara, kada kuma ka gauraya su a kwalba ɗaya. In ya kasa tsayawa ko ya daina tsotso, wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya a asibitin dabbobi. Duk matakin ragewar da kake ciki, ka dakata a kai sai ya warke da kwana biyar.

Tunda ya tsotsi uwarsa kwana 12, ya samu dakashi, wannan babban rabo ne. Amma akwai wata doguwar farar tsutsa da ke bi ta nonon uwa a kwanakin farko, tana girma a hanjin maraƙi har ta kai tsawon kamu ɗaya ko fiye, kamar taliya. Alamarta zawo mai wari, rama, gashi ya tashi buzu-buzu. In ba a ba shi maganin tsutsa ba tun haihuwa, ka ba shi yanzu. Levamisole ko albendazole na aiki, amma a auna da nauyinsa. Ƙwayar da ake ba babban sa ta ninka bukatarsa sau da yawa, kada a gutsura da ka. Zawo mai jini da majina, yana yunƙuri yana ɗaga wutsiya ba abin da ke fita, wannan wata cuta ce daban ta ƙwayoyin hanji da ke yaɗuwa a wuri mai laima da kashi. Maganin tsutsa ba ya taɓa ta, sai amprolium ko magungunan sulfa a hannun malamin dabbobi. Ɗabi'ar nan ta a soka wa dabba allurar teramisin duk abin da ya same ta, a nan ɓarnar kuɗi ce da ɓata lokaci.

In ya ci hatsi fiye da kima rana ɗaya, ko aka ba shi ƙasari mai tsami da ragowar tuwo, za ka ga ya ƙi abinci, yana cizon haƙora, kashinsa ruwa-ruwa mai kumfa da warin tsami. Ka janye haɗin yini guda, ka bar shi da harawa da ruwa, sannan ka dawo da rabin adadi. Ƙari a kullum kada ya wuce giram 100. Kumburi kuwa a gefen hagu yake fitowa, bayan haƙarƙari, in ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Ɗanyen ganyen wake mai raɓa na jawo shi. Ka tsayar da shi gabansa a kan tudu, ka ɗura masa man gyaɗa kamar cokali 4 zuwa 6 na cin abinci, a hankali ta gefen baki, ka aika a kira likita. Kada kowa ya soka masa wuƙa.

Lissafi ya nuna yayen naka zai faɗo cikin hunturu, lokacin ƙura da sanyin asuba, lokacin da ciwon huhu ke kama ƙananan dabbobi. Ka kare masa gefen gabas da arewa da zana, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri, amma kada ka kulle shi a ɗaki marar iska, warin fitsari ya fi sanyin illa ga huhu. Ka sayi ma'aunin zafi. Zafin jikin maraƙi lafiyayye digiri 38.5 zuwa 39.5 ne, in ya haura haka da tari ko majina ko saurin numfashi, a kira likita a ranar. In satin da ka tsara ajiye kwalba ya zo da tsananin sanyi, ka ɗaga zuwa na gaba. Dandaƙa, allurar rigakafi, canza masa wuri, haɗa shi da manyan shanu, duk a raba su da satin yaye, a bar tazarar sati biyu gaba ko baya. Rigakafin harbin daji da na ciwon huhu, irin waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, ka tambayi asibitin dabbobi na yankinku lokacin da za a yi masa, akwai shekarun da ake fara kowanne.

Bayan ka ajiye kwalba zai yi kuka kwana biyu ko uku, yana bin duk wanda ya saba kawo masa ita. Ka ja kunnen yara da mutanen gida, domin wanda ya tausaya ya ba shi a ɓoye ya mayar da kukan sabo. Ka riƙe shi a kan haɗin nan ba canji har sati biyu, kana ƙarawa a hankali zuwa kilo ɗaya da rabi, harawa kuma ba iyaka. Daga wata 4 za ka iya rage tunkuza zuwa kilo 2 cikin kowane kilo 10 ka cike da dusa, sauyin kuma a yi shi cikin sati guda, ana gauraya tsoho da sabo. Ka ci gaba da auna shi duk sati biyu. In buhu ya daina ɗaukarsa, tef ɗin tela a zagaye ƙirji bayan ƙafafun gaba ya isa ya nuna maka ko yana gaba ko ya tsaya. Bunajin da ke ƙara kilo 2 zuwa 3 a sati yana kan hanya. Ko ya kai wata 6, kada ka yanke haɗin gaba ɗaya, domin lokacin rani ya yi nisa, ciyawar daji ta zama kara, harawa ta yi tsada. Ka riƙe shi a kan kilo ɗaya a rana har ruwa ya sauka ciyawa ta kafu, sabuwar ciyawar farkon damina kuma ka shigar da shi cikinta da awa ɗaya-ɗaya bayan ya ci busasshe a gida.